Ba lalaci ne ya karya mana kwalbati ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Laraba ya ɓata mini rai ƙwarai. Baƙon naku ya zauna a ɗaki mai sanyi yana cewa wai lalaci ne ya hana mutanenmu ci gaba, mai gabatarwa kuma ya ƙyale shi yana ta zuba, ko tari bai yi masa ba.

Ni noman rani nake yi, ana idar da sallar asuba ina fadama. Damina uku ke nan da ruwa ya cinye kwalbatin hanyar garinmu. Mota ba ta shigowa, sai mu ɗaura kwandunan tumatir a bayan babur, kafin a kai bakin titi na ƙasa duk ya zama miya. Dillali ya leƙa, ya taɓe baki, ya saya yadda ya ga dama. Mu biyar muka haɗa kuɗin mota muka je sakatariya, muka wuni a kan benci. Da la'asar ciyaman ya fito ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, kuɗin suna sama." Kansilanmu yaro ne mai ladabi, amma ko buhun siminti ɗaya ba shi da ikon saya. Gaskiya ban ga laifinsu sosai ba. Wanda aka ɗora daga sama, sama yake kallo. Ba ƙuri'ata ce ta kai shi ba, tsorona na me zai ji?

A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, a kuma daina naɗa kantomomi. Ranar har shayi muka sha a majalisa don murna. Kwalbatinmu har yau rami ne. Madatsar Dadin Kowa tun shekarun 1980 take riƙe da ruwa, amma sai da aka haura shekara 30 kafin ta ba da wutar lantarki. Wane malalacin manomi ne ya danne ta? Ta Kafin Zaki a Bauchi kuwa, tun zamanin Shagari ake labarinta.

Ku gayyato mutumin nan ya kwana biyu a garinmu, ni zan ba shi tabarma da fartanya.

Sannan don Allah ku rage tallan masu maganin basir. Ana tsakiyar magana sai ku datse, in kun dawo lokaci ya ƙare. Sau huɗu na kira layinku, katina ya ƙone ba a ɗauka ba.

Naku,
Wani manomin rani daga jihar Gombe