Abin da ruwa ya tono a gonar Baba

Tudun Wada, Zariya
Daren Laraba

Mutumina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya karatu, yaya zafin Alƙahira? Na san kana fushi da ni. Wata huɗu ke nan saƙonka yana hannuna kan maganar filin nan na Dakace, ban ce maka uffan ba. Zan zo kanta a wata wasiƙar, yau dai bari in gaya maka abin da ya hana ni barci kwana biyar.

Ka tuna kwazazzabon gonar Baba ta wajen Kufena, inda ka zame ka yaga wandon sallarka? Ruwan daren Juma'a ya ƙara cinye shi, ya zabge kunya uku na dawa. Da safe Auta ya je duba ɓarna, sai ya ga bakin tukunya ya leƙo daga jikin gaɓar, ƙasa da saman gona da kusan tsayin mutum. Kafin azahar na isa. Wallahi abin da na gani ya fi tukunya. Ga tsingaro barjat, wasu da zane kamar an murza igiya a kai tun yumɓu yana ɗanye. Ga dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya saboda aiki. Can gefe kuma ga wani baƙin layi na gawayi a jikin ƙasar, da dunƙule-dunƙulen kashin maƙera masu nauyi, da guntun bututun yumɓu wanda bakinsa ya ƙone har ya yi ƙyalli. Na tsuguna na daɗe ina kallon dutsen niƙan nan. Wata mace ta durƙusa a kansa shekara da shekaru tana niƙa wa 'ya'yanta gari, a daidai wurin da muke shuka dawa, kuma babu mai sanin sunanta sai Allah.

Ban san yadda labari yake tashi a garin nan ba. Kafin la'asar ta Asabar wani mutum ya zo a mota, ya gaida Baba da ladabi, ya ce shi mai sayen tsofaffin kaya ne, in an bar yaransa su tona wurin, duk abin da ya fito mai siffar mutum ko dabba zai biya, har ya ajiye kuɗin goro. Ka san halin da ake ciki da tsadar taki, ga bikin Ladi ya matso. Kawu ya ce a karɓa, ai ƙasa ce ta yi kyauta. Ni kuma na tsaya kai da fata na ce a'a, har muka ɗaga murya a gaban Baba, abin da ban taɓa yi ba.

Ga dalilina, kai ka yi mini alƙalanci. Ka san labarin Nok, nan kudancin jiharmu. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu a 1928. A farkon shekarun 1940 wani ya samo kan mutum na gasasshen yumɓu a wajen Jama'a, ya kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye da shi, har labari ya kai kunnen Bernard Fagg, wanda daga baya ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Da duniya ta gane darajar kayan, sai 'yan tono suka shiga daji da diga da shebur. Lokacin da masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka fara aiki a yankin a 2005, wurare da yawa sun tarar an riga an birkice su. Kawunan suna Turai cikin gilashi, amma an raba su da ƙasar da za ta faɗi labarinsu. 'Yan wuraren da suka tsira su ne suka yi magana. Ƙonannun ƙwayoyin gero suka nuna abin da mutanen suke nomawa, gawayi ya nuna cewa al'adar ta faro tun kusan shekara 3,500 da suka wuce, kuma maiƙon da ya maƙale a jikin tsingaro ya nuna suna cin zuma. Zuma fa! Wane dillali ne zai ba ka ko sisi a kan tsingaro? Zubar da shi za su yi suna neman kai mai ido da hanci.

Na gaya wa Kawu cewa tun 1979 akwai dokar da ta hana cinikin irin waɗannan kaya ba da izinin hukumar gidajen tarihi ba. Ya ce doka ba ta sayen taki. Ban iya ba shi amsa ba, don gaskiya ya faɗa.

Kai kuma da kake ta turo mana hotonka a gindin dalar Giza kana ɗaga hula kamar kakanka ne ya gina ta! Na gane abin da ya ja ka, Bakano duk inda ya ji an ce dala sai ya ɗauka ta gyaɗa ce ya je taya ciniki. To tunda kana can, ka yi mini aiki. Mutane suna ta surutu a intanet wai aljanu ne ko wasu halittu daga sama suka ɗora duwatsun. Alhali a 1990 aka gano kaburburan ma'aikatan a nan kusa, aka kuma tono unguwarsu da wuraren gashin burodinsu. A 2013 kuma, a Wadi al-Jarf bakin Bahar Maliya, aka samu takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, yana rubuta yadda shi da mutanensa suke dakon farin dutse a jirgin ruwa daga Tura zuwa Giza a zamanin Fir'auna Kufu, shekara 4,500 ke nan. Lissafin yau da gobe ne kawai, irin na magatakardan kasuwa, amma ya kashe bakin masu maganar aljanu. In ka koma, ka bar ɗaukar hoto da raƙumi ka tambayi inda kaburburan ma'aikatan suke, ka ɗauko mini su.

Af, kafin in manta. Dogo ya yi aure na biyu, kuma ba wadda muke zato ba. Ya ce in gaya maka har yanzu yana jiran agogon. Mai shayinmu na bakin Ƙofar Doka ya koma gida Nijar, yaronsa ne yake riƙe da tebur, shayin ya koma ruwa. Hajiya ta samu sauƙin ƙafar, tana zuwa islamiyya da kanta, kullum sai ta tambaya ko kana cin abinci.

Maganar Ƙofar Doka ta tuna mini da ganuwa. Jiya na bi ta wajen Ƙofar Gayan da Kuyambana a babur, raina ya ɓaci. Inda muke hawa muna hangen gari yanzu wani wurin an yashe ƙasar an yi tubali, wani wurin gida ya hau kai, wani wurin juji ne. Kullum muna bugun ƙirji da sunan Amina, mun sa wa makarantu da ɗakin kwanan ɗalibai sunanta, amma ko ƙarnin da ta rayu ba a daidaita a kai ba. Tarihin sarakunanku na Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, har ya ce Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Wasu kuma sun kai ta ƙarni na 16, 'yar Bakwa Turunku. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta cewa Katsina da Kano sun kai mata haraji, don haka ka riƙa gaishe ni da kyau. Abin da zai taimaka a raba gardamar nan yana cikin ƙasa, a Turunku da Kufena da gindin ganuwar da ake kwashewa a tifa. A Jenne ta Mali duk shekara gari yake fitowa a yi wa masallacinsu na ƙasa yaɓe, shi ya sa yake tsaye. Mu kuwa aikin shahararren maginin nan Babban Gwani na masallacin Juma'ar Zariya sai da aka lulluɓe shi da sabon gini kafin abin da ya saura ya tsira.

Kuma ka tuna kwalekwalen Dufuna a Yobe. Bafulatani ne makiyayi yake haƙar rijiya a 1987 ya ci karo da itace. Da ya fasa shi ya yi makamashi, da shi ke nan. Sai ya kai rahoto, aka tono shi a 1994, aka tarar ya haura mita 8, shekarunsa kuma wajen 8,000, ya girmi dalar da kake taƙama da ita nesa ba kusa ba. Wannan labarin na ba Baba bayan sallar isha'i, mu biyu a zaure. Bai ce komai ba. Da asuba ya kira Auta ya ba shi kuɗin goron ya ce ya mayar wa mai shi.

Ranar Litinin na shiga Samaru, na samu wani malami a sashen nazarin kayan tarihi na jami'a, na nuna masa hotuna a waya. Da ya ga bututun ya miƙe tsaye. Ya ce da alama wurin narkar da tama ne, irin waɗanda aka tono a Samaru a shekarun 1970, amma ba zai yanke hukunci ba sai ya gani da idonsa. Ya gargaɗe ni kada mu ciro komai, kada mu wanke, kada ma mu taɓa gawayin da hannu. Ya yi alkawarin zuwa ranar Asabar da ɗalibansa. Damuwata yanzu ita ce sama. Hadari yana haɗuwa kowace yamma, in aka sake ruwa irin na Juma'a gaɓar za ta rufta, tukunyar ta bi rafi. Mun rufe wurin da leda da buhuna, mun tare sama da duwatsu, Auta da abokinsa suna kwana a bukkar gona saboda mutumin motar nan an ce an sake ganinsa a hanya. Kawu har yanzu ba ya amsa gaisuwata sosai. Gobe zan je da kaina in ba shi haƙuri, in kuma ce masa na ɗauki kayan ɗakin Ladi a wuyana, ko da zan sayar da babur.

Ka taya mu da addu'a ruwa ya dakata zuwa Asabar. In akwai wani a jami'arku da ya san aikin ƙarfe na dā, ka nuna masa hotunan da zan turo maka da safe, musamman na uku, mai bututun. Ka gaida uwargida da ɗan baƙonmu, ka ce masa babansa na Zazzau yana nan yana ajiye masa rake.

An kawo wuta, bari in yi cajin waya.

Naka har kullum,
Bazazzagin da kake kai wa haraji