Country Joe McDonald ya fi ƙarfin 'yan mintocin da aka gani a fim

Edita, assalamu alaikum, ina gaida ku da ma'aikatanku baki ɗaya.

Don Allah ku ba ni ɗan fili in yi magana kan mawaƙin nan na Amurka, Country Joe McDonald, saboda duk sanda aka tashi zancensa abu ɗaya ake kawowa, wato fim ɗin Woodstock na 1970, inda aka nuno shi shi kaɗai da jita a babban bikin kiɗa na Woodstock da aka yi a 1969 yana waƙar adawa da yaƙin Biyatnam dubban ɗaruruwan mutane na amsa masa. Gaskiya waƙar akwai zafi, har iyaye ya taɓo kan 'ya'yansu da ake dawo musu da su cikin akwatin gawa, ga kuma ashar ɗin da ya sa jama'a suka ƙunduma kafin ya fara, to shi ke nan wasu suka yanke masa hukunci wai ɗan iskan gari ne mai ƙin sojan ƙasarsa.

Wallahi ba haka ba ne. Yana ɗan shekara 17 ya shiga sojan ruwa, shekara uku ya yi har da zama a Japan, sai a 1965 ne shi da Barry Melton suka kafa ƙungiyar Country Joe and the Fish a garin Berkeley na jihar California suna irin kiɗan nan mai juya kai na zamanin. Da masu tura yara fagen daga yake faɗa, su kuwa yaran da suka dawo da raunuka da ciwon rai bai taɓa juya musu baya ba, shekara da shekaru yana tare da tsofaffin sojojin, kuma yana kan gaba wajen ganin an yi wa 'yan Berkeley da suka mutu a Biyatnam wurin tunawa. Wannan shi ne abin da ya fi taɓa ni a rayuwarsa, amma ba kasafai ake faɗa ba.

Harkar fim ma bai tsaya a Woodstock ba, ƙungiyarsa ta fito a fim ɗin bikin kiɗa na Monterey Pop, a fim ɗin Zachariah na 1971 kuma suka fito a matsayin gungun 'yan fashi, sannan ya yi kiɗan wani fim da aka ɗauka a Chile lokacin zaɓen da ya ba Salvador Allende shugabancin ƙasar a 1970.

Roƙona dai shi ne shafinku na nishaɗi ya kawo tarihinsa cikakke, kar a tsaya kan ashar ɗin nan kawai.

Naku, mai karanta jaridarku a kullum.