Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Sake Fentin Mota

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da duk wanda yake tare da kai. Wasiƙarka ta iso, na kuma karanta abin da ka ce game da motarka, cewa rana ta ƙone fentin rufinta da na bonet har ya fara ɓarewa, kuma kuɗin da masu fenti suka yanka maka ya sa ka yi turus, shi ya sa kake tunanin shirya jikin motar da hannunka domin nauyin ya ragu. Tunanin yana da kyau, kuma ina goyon bayansa, amma da sharaɗi ɗaya: kada ka ɗora samfefa a jikin motar nan sai ka zauna da wanda zai yi feshin, kun yi magana dalla-dalla, kun yarda a kan inda aikinka zai tsaya da inda nasa zai fara.

Dalilin wannan sharaɗi yana cikin yadda kuɗin aikin yake rarrabuwa. Feshin kansa aikin 'yan sa'o'i ne, amma kwance kaya da wankewa da gogewa da cike lotsawa da sake gogewa su ne suke cin kwanaki, saboda haka mafi yawan abin da aka caje ka ladan hannu ne, sauran kuma kuɗin kaya ne da na ɗakin feshi. Wannan ne ya sa za ka ji mutum biyu sun ba ka farashin da ya yi nisa da juna a kan mota ɗaya, kuma ba lallai ne ɗayansu yana zaluntarka ba. Mai arahar galibi zai liƙe fitilu da robobi da tef, ya ɗan karce tsohon fentin, ya fesa sabo a kai. Mai tsadar kuma zai kwance su, ya bi tsatsa har tushenta, ya sa firaima, wato shafin ƙasa da launi yake kwanciya a kai, ya goge, sannan ya fesa. Idan ka tambayi farashi, ka bi shi da tambayoyi: me za a kwance, wane irin fenti za a sa, shafi nawa za a yi, za a shiga bakin ƙofofi ko kuwa waje kawai, kuma idan fentin ya kumbura bayan wata shida wa zai ɗauki asarar. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta fi shafarka, domin masu fenti da yawa ba sa ɗaukar alhakin aikin da wani ya shirya masa ƙasa, wasu ma idan ba su gamsu da shirinka ba za su sake gogewa daga farko, su caje ka kuɗin cire abin da ka sa.

Ka ambaci cewa ranka yana raya maka ka sauya launi gaba ɗaya. In da ni ne, zan haƙura. Sauya launi yana nufin sai an shiga bakin ƙofofi da cikin bonet da cikin but, in ba haka ba duk lokacin da aka buɗe ƙofa tsohon launin zai leƙo, kuma a ƙasashe da dama sai an gyara takardun motar su dace da sabon launin. Haka nan launuka ba kuɗinsu ɗaya ba: fenti mai ƙyalƙyalin ƙarfe ya fi launi sak wuyar fesawa, mai walƙiyar lu'ulu'u kuma sau da yawa hawa uku ake yi masa, ja ma yakan fi fari tsada saboda sinadarin da ake haɗa shi da shi. Ka nemi lambar launin motarka, wadda kamfani yakan buga a wata 'yar takarda ko faranti a ginshiƙin ƙofar direba ko a ƙarƙashin bonet, da ita za a haɗa maka fentin. Sannan ka auna kuɗin aikin duka da darajar motar a kasuwa, domin sabon fenti ba kasafai yake mayar da abin da aka kashe masa ba a ranar sayarwa. Idan za ka ci gaba da hawanta shekaru, wannan lissafi dabam ne.

Aikin da ya fi rage maka kuɗi, kuma haɗarinsa ya fi ƙanƙanta, shi ne kwance kaya. Ka cire fitilun gaba da na baya, da madubai, da hannayen ƙofa, da tambarin kamfani, da lambar mota, da bamba idan za ka iya, da robobin bakin gilashi waɗanda suke fita ba tare da an ciro gilashin ba. Kafin ka kwance kowane abu ka ɗauki hotonsa da waya, kusoshinsa kuma ka zuba su a leda dabam ka rubuta sunan wurin a jiki. 'Yan maƙalan roba da suke riƙe da kayan ado sun daɗe a rana, da yawansu za su karye komai lallaɓawarka, don haka ka sa kuɗin sababbi a lissafi tun yanzu. Amfanin kwancewar ya wuce ragin kuɗi, domin duk inda aka tsayar da fenti a bakin tef, nan ne yake fara ɓarewa daga baya.

Bayan haka sai wanki, kuma wankin yana zuwa ne kafin guga. Jikin mota yana ɗauke da man sheƙi da maiƙo da kwalta da silikon na mayukan da ake shafa wa taya da dashbod, kuma idan ka fara guga a kansu, samfefar za ta cusa su cikin karcen da take yi. Ranar feshi sai sabon fentin ya riƙa gudun waɗannan wurare, ya bar ƙananan ramuka zagayayyu masu kama da idon kifi, waɗanda ba su da magani sai an sake gogewa. Ka wanke da sabulu da ruwa, ta bushe, sannan ka bi ta da ruwan cire maiƙo na masu fenti: tsumma ɗaya yana shafawa, wani busasshe mai tsabta yana bin bayansa kafin ruwan ya bushe da kansa.

Guga ita ce ainihin aikin, kuma a nan nake so ka natsu. Fentin da mota take fitowa da shi daga kamfani hawa-hawa ne: akwai shafin farko da ake tsoma gangar jikin a ciki domin kare ƙarfe daga tsatsa, sai firaima, sai launi, sai kiliya, wato shafin sama marar launi mai ba da sheƙi. Duka kaurinsu bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Wancan shafin farko ya fi duk abin da za a iya fesawa a gareji kare ƙarfe, saboda haka inda tsohon fentin yake da lafiya kada ka kankare shi har ƙasa. Ka dai kashe masa sheƙi da samfefa mai lamba 320 zuwa 400 domin sabon ya sami abin kamawa. Rufin motarka da bonet, inda kiliya ta mutu tana ɓarewa, dole sai an cire duk abin da ya saki, a kuma lallashe bakin wurin har sai yatsa ya wuce daga fenti zuwa inda aka goge bai ji tudu ba. Lambar samfefa idan ta yi ƙasa kaushinta ya fi yawa: 80 ta kankare tsatsa da sassaƙa fila ce, wato kwaɓin da ake cike lotsawa da shi, 180 ta share karcen 80, sai 320 kafin firaima, sannan 400 zuwa 600 a kan firaima kafin launi. Kada ka tsallake daga 80 zuwa 320 don sauri, karcen zai ɓuya a ƙarƙashin firaima, bayan 'yan makonni idan fentin ya gama shanyewa ya sake bayyana. Kuma kada ka yi guga da tafin hannu tsirara a shimfiɗaɗɗen wuri, yatsu suna barin kwari. Ka naɗe samfefar a jikin katako ko robar guga mai faɗi, ka riƙa tafiya a karkace kana gicciyawa.

Mutane da yawa suna zaton sabon fenti zai rufe aibin da ke ƙasa, alhali sheƙi tona asiri yake yi, lotsawar da ba a gani a dusashen jiki tana fitowa fili da zarar haske ya kwanta a kan kiliya. Akwai dabarar da masu sana'ar suke yi wadda kai ma za ka iya: bayan firaima ta bushe, a yayyafa mata baƙin fenti sama-sama ko a shafa baƙar hoda, sannan a goge da katako. Duk inda baƙin ya tafi, wurin ya daidaita. Inda ya maƙale ya zama ɗigo ko tsibiri, akwai rami. Inda ƙarfe ya leƙo kuma, tudu ne. Ka kuma rufe ido ka shafa wurin da tafin hannu ta cikin siririn tsumma, hannu yakan ji abin da ido bai gani ba.

Tsatsa kuwa ba a yi mata sassauci. Ta sama-sama ana kankare ta har ƙarfe ya yi fari tas, a rufe shi a ranar da firaima mai ifoksi, wato irin wadda take hana laima isa ga ƙarfe, domin ƙarfe tsirara yana fara sabuwar tsatsa cikin sa'o'i idan akwai laima a iska. Idan ka ga fenti ya yi ƙuraje a bakin taya ko ƙasan ƙofa, galibi daga ciki ta ciyo, kuma idan sukundireba ya huda wurin, to aikin mai walda ne, a yanke ruɓaɓɓen a sa sabon ƙarfe. Cusa fila a ramin tsatsa jinkirta magana ne kawai. Ita fila an yi ta ne domin ƙananan lotsawa bayan an bugo ƙarfen ya dawo kusa da siffarsa, kaurinta ya fi kyau ya tsaya wajen milimita 3, kada dai ya wuce 6. Ana haɗa ta da hadina, wato sinadarin da yake sa ta ƙanƙara, kimanin kashi 2 cikin 100, a cuɗa a kan faranti mai tsabta har launin ya zama ɗaya, kuma mintoci kaɗan take bayarwa kafin ta fara ƙanƙara, don haka ka riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan. Tana shan ruwa, saboda haka a bushe ake goge ta.

Firaima ce ainihin wurin da nake jin tsoron ka yi gaban kanka. Ta gwangwanin feshi da ake sayarwa a shago tana da arha da sauƙi, amma da yawanta ba ta da hadina, kuma tina, wato ruwan tsinka fenti, mai ƙarfi ta fentin da za a fesa a kai tana iya narkar da ita, fentin ya yamutse ya tattare. Kamfanonin fenti irin su PPG da BASF da Axalta da AkzoNobel kowanne yana tsara firaimarsa da launinsa da kiliyarsa su yi aiki tare, shi ya sa ya kamata mai feshin ne zai faɗa maka wadda za ka saya, ko ma ka bar masa wannan mataki. Haka bamba ta roba tana da nata ruwan da ake fara shafawa kafin fenti ya kama ta. Liƙe gilasai ma ka bar masa ko ka yi a gabansa, da takardar rufi ta ainihi, domin jarida tana zubar da gashi kuma tina tana ratsa ta.

Feshin kuwa, don Allah ka cire shi daga ranka. Ko ka sayi kwamfuresa da bindigar feshi da matatar da ke tsane ruwa daga iska, waɗanda kuɗinsu kaɗai zai iya cinye ragin da kake nema, ba ka da ɗakin da ƙura da ƙwari ba sa shiga, kuma fenti yana son zafi matsakaici, wajen digiri 20 zuwa 25 a ma'aunin Salsiyos. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne lafiyarka: hadinar fentin zamani mai haɗi biyu tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda yake cikin manyan abubuwan da ke jawo asma ga masu feshin mota, kuma hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ce sai da takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo ake fesa shi. Ko a gugar ma ka sa takunkumin ƙura mai kyau da tabarau, ka yi a wuri mai iska, nesa da yara.

Idan ka zo lissafi, ka rubuta kuɗin samfefa iri-iri, wadda za ka ci fiye da yadda kake zato, da fila da ruwan cire maiƙo da tef da takunkumi da maƙalan roba, da injin guga idan haya za ka yi ko saye, da kuɗin zirga-zirgarka na kwanakin da motar za ta yi a kwance ba fitila ba madubi. Ka cire jimlar daga ragin da mai fentin ya yarda zai yi maka. Idan abin da ya saura ya taka kara ya karya, bismilla. Idan kuwa kaɗan ne, ka tsaya a kwance kaya da wanki da mayar da su bayan an gama, ka bar masa sauran. Bayan an fesa, ka yi haƙuri da man sheƙi na wata ɗaya zuwa uku har fentin ya gama ƙeƙashewa, wanki da ruwa da tsumma mai laushi ya isa.

Ka turo mini hotunan bakin tayoyin baya da ƙasan ƙofofi, a ɗauka daga kusa da rana, domin daga nan ne zan iya gaya maka ko sai ka fara biyawa wurin mai walda kafin ka je wa mai fenti. Ka gaida mini mutanen gida da kyau.

Wassalam,
Naka amini.