Ba jari ne ya fi kayar da matasa ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in tanka wa matasan da ke cewa rashin jari ne ya hana su sana'a. Abdurrahman bn Auf ya isa Madina hannu rabbana, aka yi masa tayin rabin dukiya, ya ce a nuna masa kasuwa kawai.

Ni tela ne, shekara 22 ina kan keke. Abin da na ga ya fi kayar da yara shi ne gajen haƙuri. Wata uku yaro bai iya ɗora aljihu daidai ba, amma har ya fara tambayar ranar yaye shi.

Akwai wanda ba na mantawa da shi. Shekara guda cur aikinsa guga, sa maɓalli da farke ɗinkin da ya karkace. Kullum shi ke riga ni zuwa, ya share shago, ya zuba wa keke mai. Da ya fara karɓar nasa ɗinkin, sai ya sayi ɗan littafi yana rubuta awo da ranar alƙawari, kuma bai taɓa haɗa kuɗin zare da ribarsa a aljihu ɗaya ba. Yau kekuna huɗu gare shi, har da yaransa. Wallahi ranar da na shiga shagonsa sai da idona ya ciko.

Iyaye kuma, don Allah in kun kai yaro koyon sana'a, ku daina janye shi don kawai maigidansa ya yi masa faɗa.

Naka,
Wani tela mai bibiyar jaridarku