Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Batun Zama A Duniyar Jupita

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, na karanta daftarin binciken kammala karatunka, inda kake son nuna cewa za a iya gyara duniyar Jupita, wadda malamanmu na da ke kira Mushtari, har ɗan'adam ya zauna a cikinta ya yi noma. Girman burinka ya faranta mini rai, amma ina so ka sake nazari kafin ka kai wa malaminka.

Babbar matsalar ita ce Jupita ba ta da ƙasar da za a taka. Tarin iskar haidurojin ce da hiliyam, nauyinta ya ninka na duniyarmu sau 318, kuma wanda ya nutsa cikinta ba zai sami inda zai kafa ko turke ba, sai dai iskar ta yi ta ƙara kauri da zafi har ta koma kamar ruwa. A watan Disamba na 1995, wata na'ura da kumbon Galileo ya saki ta faɗa cikinta rataye da laima, ta yi kusan awa ɗaya tana aiko da bayanai, sannan ta yi shiru bayan matsin iskar ya ninka namu fiye da sau 20. Ka rubuta cewa za a zuba mata oksijin, alhali ka sani in oksijin ta haɗu da haidurojin, ƙyastu ɗaya ya isa su kama da wuta su koma ruwa. Hasken ranar da ke isa can kuwa kusan kashi 4 cikin 100 ne kawai na wanda muke samu.

Shawarata ita ce ka karkata ga Taitan, babban watan duniyar Zuhal. A Janairun 2005 na'urar Huygens ta sauka a kansa, ta aiko da hoton wani fili mai ƙananan duwatsun ƙanƙara masu sulɓi, kamar tsakuwar bakin rafi. Akwai doron ƙasa, akwai iskar naitirojin mai kauri, ko da yake sanyinsa ya kai digiri 179 ƙasa da sifili, tafkunansa kuma na metan ne, wato iskar gas da sanyi ya mayar ruwa-ruwa. Ko a can ma, abin da lissafi zai iya ɗauka shi ne rufaffen gida mai ɗumi. Ka fara da ƙididdige makamashin da zai ɗumama irin wannan gida na shekara guda, ka aiko mini in duba.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka