Baƙonku ya ɓoye mana birgimar iska

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na saurari shirinku na daren Asabar, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Baƙon da kuka kawo ya kwashe kusan rabin awa yana yabon jirgi marar inji, wai da zarar matuƙi ya samu igiyar iskar bayan tsauni, wato iskar da ke hawa da sauka kamar igiyar ruwa bayan ta haye tsauni, sai ya miƙe ƙafa, iska ta ɗauke shi kamar jariri a goye. Ya yi ta nanata ƙafa 76,000 da jirgi marar inji mai suna Perlan 2 ya kai a Ajantina a 2018. To, mun ji. Amma ko sau ɗaya bai ambaci birgimar iskar da ke kwance ƙarƙashin igiyar ba. Ya ba mu labarin zuma ya ɓoye mana harbi.

Ni na shiga, ba labari aka ba ni ba. Ina karatu a Sikotland wani malamin tuƙi ya ɗauke ni a mai kujera biyu, ni a gaba shi a baya. Tun a ƙasa ya nuna mini wani gajimare mai santsi kamar faifai, tsaye cik a sama duk da iskar da ke neman tuge mini hula. Ya ce ita ce alamar igiya. Sannan ya nuna wasu tsumma-tsumman gajimare a ƙasansa suna juyi, ya ce in ƙara ɗaure bel. Ƙaramin jirgi mai farfela ya ja mu, muka kutsa cikinsu. Malam, na sha bin hanya mai gargada a bayan a-kori-kura, amma ban taɓa jin jijjiga irin wannan ba. Kaina ya bugi murfin gilashi sau biyu, ƙurar da ke ƙasan jirgin ta tashi ta shige mini ido, jirgin da ke janmu na gan shi a sama, kafin ƙiftawa na gan shi a ƙasa. Babu salatin da ban yi ba. Sai kuma ɗif, shiru, na'ura tana ƙiƙ-ƙiƙ muna hawa kamar ba mu motsi. Wannan shirun kaɗai baƙonku ya sani.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin Gongola a Dadin Kowa ya ga abin. Ruwa ya haye dutse, ya yi tozo a bayansa, tozon yana nan wuri ɗaya ruwa na wucewa, a gindinsa kuma ruwa ne ke murɗawa. Haka iska ke yi idan ta bugi jerin tsaunuka a gicciye da ƙarfi. Murɗawar nan ce ta ɓalla jirgi marar inji na matuƙi Larry Edgar a Kalifoniya a 1955, lemar dirowa daga sama ce ta cece shi. Ko babban jirgi bai tsira ba: Boeing 707 ya wargaje a sama kusa da dutsen Fuji na Japan a 1966, mutum 124 suka rasu. Wannan ne abin da za a tsallake?

Kuma saman ma ba gadon barci ba ne. Sanyi ya kashe mini yatsun ƙafa, ga bututun oksijin a hanci, malamin yana ta tambayata lissafi don ya gane ko kaina ya fara juyewa. Idonsa kuwa yana kan ɓular da muka biyo tsakanin gajimare. Da ya ga ta fara tsukewa bai tsaya shawara da ni ba, ya buɗe birkin fiffike muka yo ƙasa tun muna ganin filin sauka. Baƙonku har cewa ya yi ana zagaye ne kamar ungulu a kan mahauta. Ungulu iskar zafi take hawa. A igiya fuskantar iska ake yi, wanda ya yi sake ta tura shi baya sai ya faɗa ɓangaren da ke gangarowa.

Za ku ce wa ke tuƙa irin wannan a Gombe? Ɗana na biyu yana zaune kusa da ni yana saurare, ba shi da magana sai makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Da aka gama ya dube ni ya ce, "Baba, ashe abin ba wuya." Ku dawo da baƙon nan ya gyara, ko ku nemo wanda ya taɓa shan jijjigar.

Sannan don Allah, lambar wayar da kuke karantowa ta ado ce? Sau goma sha ɗaya na kira ba a ɗauka ba, amma tallan maganin basir sau uku yana katse shirin, har da lokacin da mutumin ke tsakiyar magana.

Naku mai saurare kullum,
daga Tudun Wada, Gombe.