Zuwa ga Edita: Tarmosta mai wayo bata san kuran ɗin Damagaram ba

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki ya sanyi. Ni mai gyaran kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, da firiji ne a nan Zinder, kuma ina taɓa aikin wayarin na gida, na fi shekara goma sha biyar turnabis na hannuna. Abin da yasa na rubuto shine wata ƴar na'ura da ta fara shigo mana gari, wadda ake kira tarmosta mai wayo, ƴar zagayayya ko mai kusurwa huɗu da ake mannawa a bango ta riƙa daidaita zafi da sanyin gida kana sarrafa ta daga wayarka. Ƴan uwa dake waje suna aiko ta tsaraba, wasu kuma suna ganinta a TikTok su yi oda, sannan a kira mu a ce mu haɗa. To ina so ku taimaka ku buga wannan ko wani zai tsira da kuɗinsa.

Watan da ya wuce wani Alhaji a Birni ya aiko yaro da babur a ɗauko ni. Ɗansa dake Amurka ya aiko masa da irin wannan tarmostar mai suna Nest sabuwa fil a kwalinta, wai ya daina tashi tsakar dare neman rimot. Kafin in zo ashe an riga an kira wani yaro mai jan waya a unguwa, shi kuma bai yi wata wata ba ya duba bayanta ya ga ramuka da haruffa, ya ɗauko faz, wato wayar da ke kawo wuta, ya cusa a R, ya ɗauko nutur, wadda ke maida ita, ya cusa a C, ya ɗaga dijonkter, babban makunnin gida. Alhaji yace min ƙara ɗaya suka ji, tas, kamar an fasa ƙwan fitila. Da na ɓalle ta daga bango bayan ya yi baƙi wurin ramukan, warin ƙonannen roba har lokacin bai bar falon ba. Alhaji na tsaye kaina yana cewa Malam duba da kyau ko fiz ne kawai. Nace Alhaji sai haƙuri, wannan ta riga mu gidan gaskiya. Kuma ban ga laifin yaron sosai ba, don ko ni da ban taɓa zama na karanta abin ba ƙila da haka zan yi.

Ga yadda abin yake. A Amurka da Kanada yawancin gidaje inji ɗaya ne babba ke ɗumama gidan duka ko ya sanyaya shi, yana can ƙasan gida ko wani lungu, iska na bin bututu zuwa kowane ɗaki. A cikin injin akwai ɗan taransifo da ke sauke wuta zuwa bolt 24, kuma wannan ƴar wutar ce kaɗai ke zuwa bango ta wasu siraran wayoyi kamar na tarho. R ita ke kawo bolt 24 ɗin, W ta ɗumama ce, Y ta kwampireso, wato injin da ke yin sanyi, G ta fanka, sai C wadda ke maida wuta don na'urar ta samu abin ci koyaushe. Tarmostar ba ta ɗaukar nauyin komai, makunni ce kawai, in sanyi ya yi ta haɗa R da W injin ya tashi, in zafi ne ta haɗa R da Y. Mu kuwa bolt 220 ne a bangonmu. Ka ga wanda aka shirya ma bolt 24 aka ɗura masa 220 ai ba sai an tambayi boka ba.

Su can ma wannan wayar C ɗin ita ce ciwon kansu. Tsofin tarmosta na da ba su buƙatar wuta, ƙarfe ne ke lanƙwasa in ya ji zafi, don haka gidaje da yawa waya biyu ko huɗu kawai aka ja. Sabuwar kuwa tana da allo tana da wifi, cin wuta take dare da rana, in babu C sai ta riƙa satar wuta kaɗan kaɗan ta wayar W ko Y tana cajin batirinta, wani lokaci injin ya riƙa tashi yana mutuwa ba dalili, shi yasa suke jan sabuwar waya ko su sa wani ɗan adafta. A Turai kuma wani tsarin ne daban, tukunyar gas ce ke dafa ruwa ya zagaya cikin ƙarafan bango, shi yasa Nest ɗin da aka sayar a can take zuwa da wani akwati daban da ake haɗawa da tukunyar a kan bolt 230. A Faransa masu hita na kuran, wato wutar lantarki, suna da wata waya ta musamman da ke ba hitar umarni. Kowa da kiɗansa da rawarsa, babu ɗaya a ciki da aka yi don ɗakin da ke da kilim split guda da fanka a sama.

Don kilim ɗinmu, wanda rabi ke ciki rabi ke waje, ba shi da inda za ka sa R ko Y. Tarmostarsa na cikin cikinsa, wani ɗan baƙin abu ne kamar ƙwayar wake a gaban ƙarafan sanyi, umarni kuma daga rimot yake karɓa ta hasken da ido baya gani. Wanda ke son ya kunna kilim daga waya abin da zai nema shine ƴar na'urar da ke kwaikwayon rimot, irin su Sensibo ko BroadLink, ba a yanke waya ko ɗaya, caja kawai za ka sa mata ka aje ta inda take kallon kilim. Amma fa sai da wifi a gida mai tsayawa, yawancinsu ma irin wifin da aka rubuta ma 2.4 GHz kawai suke kamawa, mu kuwa intanet ɗinmu na aljihu ne, maigida ya fita kasuwar Dole da wayarsa intanet ya bi shi. Sannan kuran in ya tafi akwatin wifi ya mutu wayon ya ƙare. Kowa a garin nan ya tuna yadda muka sha a 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana bayan juyin mulki, sai a 2024 aka maido, a wannan lokacin wa ke zancen kunna kilim daga ofis, ruwan sanyi ma nema ake.

Wani abu kuma da nake so masu sayen kayan gwanjo su sani. Kamfanin Nest ya fito da ta farko a 2011, Google ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 3.2, to a watan Oktoba na 2025 Google ya daina kula da tsofin, na 2011 da 2012 da wadda aka kai Turai a 2014, ba sa haɗuwa da manhajar waya kuma, sai dai ka juya su da hannu. Kuma mun san hali, duk abin da Bature ya gaji da shi kwantena yake shiga ya biyo ta Kwatano ko ta Kano ya iso mana, gobe za ka ganta a tebur ana ce maka mai wayo ce.

Ni a gani na in ana zancen daidaita zafi a Damagaram ba a falon Alhazai abin yake ba, yana wurin masu kaji. Hunturun nan na Disamba da Janairu da asuba sanyi na kashe ƴan tsaki ba kaɗan ba, satin farko suna son wajen digiri 32 zuwa 35, injin ƙyanƙyasa kuma wajen 37.5 kwana 21. Akwai wata ƴar tarmosta mai araha STC-1000, tana aiki da 220 kai tsaye, ita nake sa ma mutane kuma tana yi. Sai dai nan ma ana kuskure ɗaya kullum, mutum ya ba ta wuta a ramukanta masu lamba 1 da 2, ya sa ƴar wayar jin zafi a 3 da 4, ya ɗaura ƙwan fitila a 5 da 6 yana jira ya kama, shiru. Wata Hajiya a Garin Malam ta kira ni tana faɗa wai an sayar mata da jabu, alhali 5 da 6 ɗin makunni ne kawai ba wuta a ciki, sai ka ɗauko faz ka shigar ta 5 ta fita ta 6 zuwa fitilar, nutur kuma ya tafi kai tsaye. Minti biyar muka gyara, har ta bani ƙwai.

Haka masu hitar ruwan wanka da ke son sa mata firiz, wato soket, mai wifi. Hita mai wat 2000 tana jan wajen amfiya 9, ƙaramin firiz ɗin da aka rubuta ma amfiya 10 zai yi ta ɗumi har wata rana ya narke, a nemi mai 16 ko a sa kwantakter, wani makunni mai ƙarfi, ya ɗauki nauyin, kuma don Allah a ja wayar ƙasa, ruwa da kuran ba wasa. Gidaje nawa na shiga a garin nan babu wayar ƙasa ko ɗaya, abin sai addu'a.

Sauran mu talakawa dai ɗumamarmu kasko ne da gawayi, shi kuma ba tarmostar da za ta ce maka hayaƙinsa ya yi yawa, iskar da ke kisa ba ta da wari ba ta da launi, a bar taga a buɗe kaɗan kuma a fitar da kaskon kafin a kwanta, musamman ɗakin mai jego.

Alhajin Birni kuwa a ƙarshe na nuna masa madannin lokaci dake jikin rimot ɗinsa, wanda shekara huɗu yana hannunsa bai taɓa dannawa ba, na sa masa digiri 25 maimakon 16 da yake sawa, don 16 ba ta sa ɗaki saurin yin sanyi a irin kilim ɗinsa sai dai kwampireso ya ƙi hutawa faktir ya hau. Yace in kira ɗan nasa in masa bayani da kaina don shi kunya yake ji ya ce tsarabar ta ƙone. Na kira, nace in zai sake aike ya fara turo min hoton bayan kwalin ta WhatsApp in duba bolt nawa aka rubuta.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai gyaran kilim da firiji, Sabon Gari, Zinder